Kafin a Karɓi Makulli: Takardar da Ke Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya

A kan tabarma muka ƙulla maganar gidan haya na farko da na zauna da iyalina a Kano, a soron mai gidan, bayan sallar La'asar. Dattijo ne mai sakin fuska, irin mutanen da ba ka iya haɗa ido da su saboda kwarjini. Dillali na gefe yana jiran la'adarsa. Na ƙirga kuɗin shekara biyu na miƙa, ya karɓa ya sa albarka. Da na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ko za a ɗan rubuta wani abu?" sai ya yi murmushi ya ce, "Haba ɗana, ai ka zama na gida. Ni da kai har sai da takarda?" Kunya ta rufe ni, na karɓi makulli na yi godiya na tashi.

Da damina ta kankama, shaddar gidan ta rufta. Na je na gaya masa, ya ce in gyara, ma cire a kuɗin haya na gaba. Na kira magina, na sayi siminti da rodi da yashi. Kafin shekara ta biyu ta yi nisa, Allah Ya yi wa dattijon rasuwa. Bayan sadakar arba'in, babban ɗansa ya yi min sallama, muka gaisa, ya ce magada sun yanke shawarar sayar da gidan don a raba gado, ana so in tashi nan da wata guda. Na ce ina da sauran wata goma a kuɗina, ga kuma kuɗin shadda. Ya dube ni ba tare da wani raini ba ya ce, "Malam, ina takardarka?"

Ban taɓa ganin laifinsa ba. A gidan akwai marayu ƙanana da matan mamaci, kuma amanar dukiyarsu na wuyansa. Ba zai yafe haƙƙinsu a kan maganar bakin mutumin da bai sani ba. Dillalin da ya shaida cinikin, da aka nemo shi, ya ce shi dai ya san an biya kuɗi, amma ko na shekara ɗaya ne ko biyu, ba zai rantse ba. Mai unguwa ne ya shiga tsakani, aka bar ni na yi wata huɗu, kuɗin shadda kuwa ya bi ruwa.

Tun daga ranar nake lura da rigingimun haya, a unguwa da wurin aiki da harabar kotu, kuma abin da na fahimta shi ne ba mugunta ce ke haddasa yawancinsu ba. Maganar da aka ji nauyin faɗa ranar farko ita ce ake zuwa a faɗa gaban alƙali da ɗaga murya. Wa zai gyara rufi in ya yi yoyo? Yaushe za a ƙara kuɗi? Wata nawa za a ba mutum in ana son ya tashi? A ranar karɓar makulli kowa na ganin yin waɗannan tambayoyi rashin yarda ne. Alhali addinin da yawancinmu ke bi bai ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Malaman fiƙihunmu ma ba su bar zancen haya a dunƙule ba. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ke kan teburin alƙalan kotunan shari'a a Arewa, haya ba ta inganta sai an san abin da aka ba da hayarsa, an san kuɗin, an san amfanin da za a yi da shi. Sun bambanta hayar da aka yanke wa wa'adi, kamar a ce shekara kaza daga wata kaza, da wadda aka ce kawai kowane wata nawa ne ba tare da iyaka ba. Ta farko tana ɗaure kowa har wa'adin ya cika. Ta biyu kuwa kowane ɓangare na iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kuma a wurinsu mutuwar mai gida ba ta warware hayar da ke da wa'adi, magada suna gadon gidan ne da hayarsa a kai. Ashe ranar da babban ɗan dattijon ya yi min sallama, shari'a na tare da ni. Hujjar da zan nuna ce babu.

A ɓangaren dokar ƙasa, abu na farko da ya kamata a sani shi ne babu doka guda da ta game Najeriya a kan haya. Harka ce ta jihohi. Abuja na aiki da dokar tarayya ta karɓe gidaje daga hannun 'yan haya, Legas ta yi tata sabuwa a 2011, sauran jihohi kuma kowace da tata. Don haka takardar da aka kwafo daga intanet, ko wadda ɗan'uwa ya turo daga Legas, ba lallai ta dace da gidan da ke Gusau ko Bauchi ba. Amma ginshiƙan sun yi kama da juna a yawancin wurare, kuma mafi muhimmancinsu shi ne notis.

Idan babu abin da aka rubuta, doka ce ke yanke tsawon notis, kuma tana duba yadda ake biyan kuɗin. A dokar da ke aiki a Abuja, mai biya mako-mako yana da mako guda, mai biya wata-wata yana da wata guda, mai biya duk wata uku yana da wata uku, mai biya shekara-shekara kuwa yana da wata shida. In wannan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi wata takardar ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai kai ƙara don karɓar gidansa. Bayan nan sai kotu. Masu gidaje da yawa ba su san da wata shidan nan ba sai ranar da lauyan ɗan haya ya tuna musu. Doka ta yarda ɓangarorin biyu su amince da wani tsawon notis daban, kamar wata uku, muddin sun sa shi a yarjejeniya. Haka kuma in an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce cak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to da cikar ranar hayar ta ƙare da kanta, abin da ya rage sai takardar kwana bakwai. Layi biyu a takarda ke raba mai gidan da zai karɓi gidansa cikin sauƙi da wanda zai yi ta zarya.

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin 'yan haya, wai watannin notis kyauta ne, mutum zai zauna ba tare da biya ba don ya tara kuɗin wani gidan. Babu wannan a doka. Duk ranar da aka kwana a gida ana bin kuɗinta, kuma wanda ya ci gaba da zama bayan hayarsa ta ƙare, kotu na iya sa shi ya biya kuɗin wannan zaman har ranar da ya miƙa makulli. Na ga mutanen kirki sun faɗa bashi mai nauyi saboda wannan zancen na majalisa.

Su ma masu gidaje suna da nasu kuskuren, kuma ya fi muni. Idan haƙuri ya ƙare, wani sai ya aiko kafinta a kware kwano, ko a cire ƙofa, ko a yanke wuta da ruwa, ko a garƙama kwaɗo a ƙofar ɗaki, ko a watso kayan mutum waje matarsa da 'ya'yansa na kallo. Ko nawa ake bin ɗan haya, doka ba ta ba mai gida wannan damar ba. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum, ta hannun ma'aikatanta. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar gwamnan soja na Legas da Cif Odumegwu Ojukwu, bayan an tura 'yan sanda da makamai sun fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. Alƙalan sun yi tir da wannan ɗaukar doka a hannu, kuma gwamnati ce sukutum ta yi, a zamanin soja. Abin da aka hana gwamna ba za a halatta wa mai gidan haya ba. Dokar Legas ta 2011 ma ta mai da fitar da ɗan haya da ƙarfi laifi mai tara ko ɗauri. Saboda haka duk sharaɗin da aka cusa a takarda cewa mai gida na da ikon fasa ƙofa ya fitar da kaya in an yi jinkirin biya, ba zai tsinana masa komai ba ranar shari'a, zai ma iya jawo masa biyan diyya. Kai ɗan haya ofishin 'yan sanda shi ma ba hanya ba ce: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Gaskiya ne cewa wasu 'yan haya sun daɗe suna fakewa da kurakuran notis suna ja wa masu gida rai shekara da shekaru. Kuskuren rana guda a lissafi kan sa a kori ƙara, a ce a koma a sake daga farko. Kotun Ƙoli ta nuna gajiyarta da wannan a 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, wadda ta shafe fiye da shekara 20 ana yi, inda aka bayyana cewa sammacin kotu da kansa ya isa sanarwa, ko da notis ɗin farko na da tangarɗa. Lauyoyi na ci gaba da muhawara a kan iyakar wannan hukunci, don haka mai hankali zai ba da notis ɗinsa daidai tun farko, a rubuce, da shaidar cewa ya isa hannu.

To me ya kamata takardar ta ƙunsa? Farkon abin dubawa shi ne wanda ke ba da hayar. A garuruwanmu gidaje da yawa na gado ne da ba a raba ba, wasu kuma masu su na Legas ko Saudiyya sun bar wa ƙani ko dillali riƙo. Ɗan haya na da haƙƙin ya tambaya: gidan na wane ne, kuma wanda ke karɓar kuɗin wa ya wakilta shi? In wakili ne, a ga takardar wakilcin, a rubuta sunan mai gidan na ainihi. In na magada ne, a san wanda suka amince ya sa hannu a madadinsu. Labarin dillalin da ya karɓi kuɗin ɗaki ɗaya a hannun mutum uku ya ɓace ba baƙo ba ne a kowane babban gari. Sai cikakken sunan ɗan haya, da kwatancen gidan yadda ba za a yi musu ba: unguwa, layi, lamba in akwai, ɗaki nawa, ciki da falo ne ko gida sukutum, da abin da ake tarayya a kai kamar tsakar gida, rijiya, madafa da banɗaki. A gidan yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin faɗan mata a kan layin shara da wankin bayi ya tashi mutane da yawa daga gidajen da suke so.

Maganar kuɗi kuwa a rubuta ta da lamba da kuma kalmomi, da ranar da hayar ta fara da ranar da za ta ƙare, da ranar biya na gaba, da asusun da za a tura. A rarrabe kuɗin haya da la'adar dillali da kuɗin lauya, waɗanda a manyan birane aka saba yanka wa kashi goma cikin ɗari kowanne. Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna shi ne ya fi yawan salwanta, don ba a cika faɗar yadda za a mayar da shi ba. A rubuta nawa ne, me za a iya cirewa a ciki, kuma cikin kwana nawa bayan tashi za a dawo da ragowar. Hanyar da ta fi kare kowa ita ce a zaga gidan tare ranar shiga, a ɗauki hotunan bango da silin da tayil da famfo da tagogi da waya, a rubuta abin da aka tarar a fashe, kowa ya sa hannu. Tsufan da fenti ke yi da kansa ba ɓarnar ɗan haya ba ce. Gilashin da yaro ya fasa da ƙwallo kuwa tasa ce.

Ƙarin kuɗin haya ya zama babban ciwo tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da siminti da kwano da ladan magina suka yi tashin gwauron zabi. Mai gidan da hayar nan ce abincinsa, kamar gwauruwar da mijinta ya bar mata ɗakuna huɗu, ba za a ce kada ta ƙara ba. Shi kuma ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a 2024 ba zai iya jure a ninka masa kuɗi ana saura mako biyu wa'adinsa ya cika ba. Abin da takarda za ta iya yi shi ne ta hana ba-zata: ba ƙari a tsakiyar wa'adi, kuma in za a ƙara, a sanar a rubuce wata uku ko fiye kafin lokacin sabuntawa, don mutum ya san ko zai iya ko ya fara neman wani wuri.

Biyan shekara biyu a dunƙule, irin wanda na yi, wasu wurare sun hana shi. Dokar Legas ta haramta karɓa ko biyan fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, ko da yake ta ware unguwannin Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja. 'Yan'uwanmu na zango a Accra da Kumasi sun san dokar hayar Ghana ta 1963 ta tsayar da kuɗin gaba a wata shida, sun kuma san yadda ƙarancin gidaje ke sa mutane biyan na shekara biyu ba tare da sun ce uffan ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudiri majalisar dattawa don a koma biyan wata-wata a Abuja. Inda masu nema suka fi gidajen yawa, irin waɗannan dokoki kan tsaya a takarda. Duk da haka, wanda ya ga dole ya biya kuɗi mai yawa gaba, shi ya fi kowa bukatar a rubuta abin da zai faru da ragowar kuɗinsa in an sayar da gidan, ko mai shi ya rasu, ko gobara ko ambaliya ta hana zama.

Gyara shi ne inda na ƙone, don haka nake daɗewa a kansa. Abin da aka saba shi ne manyan gyare-gyare na jikin gini, wato rufi, katanga, shadda, tsagewar bango, suna kan mai gida, ƙananan abubuwan yau da kullum kamar ƙwan fitila, kan famfo da makullin ƙofa suna kan mai zama. Amma sabo ba ya hana musu, sai an rubuta. In ɗan haya zai kashe kuɗinsa a kan abin da zai zauna a gidan bayan tafiyarsa, ko haƙa rijiyar burtsatse ne, ko sa tayil, ko ƙara ɗaki, to ya karɓi izinin mai gida a rubuce kafin a sa cebur, a faɗi kuɗin, a faɗi yadda za a biya shi. Dokokin haya sun ɗora haƙƙin neman diyyar irin wannan aiki a kan rubutaccen izini. "Gyara, ma cire" magana ce mai daɗi a kunne, amma tana mutuwa tare da wanda ya faɗe ta. Haka batun wuta: a rubuta lambar mita da abin da ke kanta ranar shiga, a ga takardar biyan ƙarshe, don kada sabon shiga ya wayi gari da bashin wanda ya tashi. In mita ɗaya ce ga ɗakuna da yawa, a faɗi yadda ake raba kuɗin.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta. Gidan zama ne ko za a yi sana'a a ciki, domin injin markaɗe ko kiwon kaji a tsakar gida na iya zama abin rigima. Ɗan haya ba zai saka wani ya karɓi kuɗi a hannunsa ba sai da izini. Mai gida na iya zuwa duba gidansa, amma da rana, bayan ya sanar, domin gidan da matan aure ke ciki ba a faɗa masa kai tsaye ko da kai ka gina shi. Yana da kyau kuma a ambaci inda za a fara kai kuka kafin kotu, ko wurin mai unguwa, ko wasu dattawa biyu da aka amince da su, ko cibiyar sulhu irin wadda ɓangaren shari'a na Kano ke da ita.

Daga nan sai sa hannu. Kowane ɓangare ya kawo shaidarsa, kuma a zaɓi waɗanda za a iya samu bayan shekaru, ba mai wucewa ba. Idan ɗaya daga cikin masu yarjejeniyar ba ya karanta harshen da aka yi rubutun da shi, dokar kare wanda bai iya karatu ba ta bukaci marubucin ya sa sunansa da adireshinsa, a kuma nuna cewa an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don dattawa da yawa da suka ƙware a ajami da Larabci ana miƙa musu takardar Turanci su sa hannu. Ban ga abin da zai hana a yi kwafin Hausa a haɗa da na Turancin ba, kowa ya riƙe nasa. Hayar da ta wuce shekara uku tana da ƙa'idoji masu tsauri, wannan aikin lauya ne kai tsaye. Dama doka ta keɓe wa lauyoyi rubuta takardun filaye da gidaje in don a biya lada ne. Akwai kuma harajin hatimi da ake biya a kan wasu takardun haya, wanda in tsakanin mutum da mutum ne hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓa, kuma takardar da ya wajaba a buga wa hatimin amma ba a buga ba kan gamu da cikas ranar da aka miƙa ta a matsayin hujja.

Rasit kuwa kada a raina shi. Duk biya a karɓi takarda mai ɗauke da rana, da adadi, da gidan, da watannin da kuɗin ya rufe. Sanarwar banki a waya tana nuna an tura kuɗi, amma ba ta faɗin na wane wata ne sai an rubuta a wurin bayani. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ƙara wa rasit daraja, domin ta ba ma'aikaci rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai, kuma ba a samun wannan sai da bayanin hayar da aka biya.

Bara ƙanwata ta samu gida a wata unguwa da ke bayan gari, ta ce in raka mijinta wurin mai gidan. Hajiya ce mai shekaru, gidan ne abin da take ci da marayun jikokinta. Da muka fito da takarda shafi biyu da lauya ya duba mana, fuskarta ta ɗan canza, ta ce, "Ni ban saba da wannan ba, ɗana." Na ce, "Hajiya, ba don ke ba ne, ba kuma don shi ba. Saboda yaran nan ne, da ranar da ɗayanmu ba ya nan." Ta yi shiru, sannan ta aika a kira mata jikanta da ke sakandare. Ya zauna a bakin tabarma ya karanta mata kwafin Hausar layi-layi. Da ya zo wurin gyaran rufi ta tsayar da shi, ta ce a ƙara cewa indararon da ke bayan ɗakin tsakiya ita za ta sauya shi kafin ruwa ya sauka. Aka ƙara da biro, kowa ya sa hannu a gefen layin, ta dangwala yatsa, ta kwance makullan daga bakin zaninta ta miƙa.